Sabon Saiti a Bindigar Kawu

Kulob ɗin harbin yana ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa ne, a wani lungu da ya ratse daga Old Kent Road, tsakanin garejin masu gyaran tasi da wani sito da aka mayar coci. Ƙofarsa baƙar ƙarfe ce, ba allo ba rubutu, wanda bai sani ba sai ya ɗauka shagon ajiye taya ne. A ciki dogon ɗaki ne na jan bulo mai rufin baka, da sanyi ko da rani, can ƙarshensa kuma fitilu na haska fararen takardu masu baƙin ɗigo a tsakiya. Idan jirgi ya bi ta sama sai ɗakin ya ɗauki gurnani, wata ƙura mai laushi ta riƙa saukowa cikin hasken fitilun a hankali, kamar ba ta son isa ƙasa.

Kawuna ne ya kai ni wurin, ko in ce ni na kai shi. Yayan mahaifiyata ne. Ya zo Landan tun yana saurayi don koyon aikin siginar reluwe, da niyyar ya koma Zariya, sai aiki ya riƙe shi, aure ya ƙara riƙe shi. Abokan aikinsa ne suka shigar da shi kulob ɗin tun ban san hannuna na dama ba. Lokacin da na zo aikin ungozoma a wani asibiti na kudancin birnin, shi kaɗai ne jinina a ƙasar. Da gwiwoyinsa suka fara ƙin hawa bas, sai ya zama duk Asabar ɗin da ba ni da aiki ni ke ɗauko shi daga Lewisham da safe. Yakan fito cikin kwat mai kauri da hular zanna, ya zauna a gaba, ya rungume doguwar jakar bindigar a tsakanin ƙafafunsa, yana gyara mini tuƙi duk da shi bai taɓa tuƙa mota ba.

Bindigar ta girme ni nesa ba kusa ba. Harsashi ɗaya take ci, ɗan ƙarami kamar ƙwayar gyaɗa: a ja wani ƙarfe da ke ƙarƙashinta, bayanta ya buɗe baki, a zura, a rufe. Ƙotarta ta katako ce mai duhu, wurin da kuncin Kawu yake kwanciya har ya yi sheƙi. Yakan ce shi dai a hannunsa ba ta taɓa sanin abu mai rai ba, takarda kawai ta sani. Ƙarafan saitinta irin na da ne, guda biyu. Ɗaya yana tsakiyar bututu, mai 'yar tsaga. Ɗayan yana can baki, siriri kamar tsinken ashana. Mai harbi zai zaunar da tsinken a cikin tsagar, ya ɗora baƙin ɗigon a kan tsinken, ya riƙe numfashi, ya matsa kunama.

Da farko zama kawai nake yi a benci ina jiransa, ina shan shayin kulob mai ɗanɗanon butar ƙarfe. Da zaman ya ishe ni sai na shiga ni ma, na fara koyo da bindigar kulob. Abin ya shiga raina ba tare da na lura ba. Aikina na ihu ne da gaggawa da addu'a a tsaye, a can kuwa babu abin da ake so daga gare ni sai in natsu.

A shekarunsa na ƙarshe idon Kawu ya yi hazo. Ramukan da ke takardarsa, waɗanda da suke taruwa wuri ɗaya kamar ƙudan zuma, suka fara watsewa. Amininsa, wani tsohon direban jirgi ɗan Ailan wanda ke riƙe da makullin ɗakin ajiyar bindigogi, ya sha ce masa ya sa irin saitin da sauran tsofaffi suke sawa, mai 'yar kafa da ake leƙawa, wanda ke taimakon idon da ya gaji. Kawu sai ya yi dariya ya ce, "Ido ne ya tsufa, ita me ta yi?" Haka ya ci gaba har ya daina harbin gaba ɗaya. Muna zuwa dai, ya fito da ita, ya shafe ta da mai, ya ba abokansa labarin da suka riga suka sani, mu koma.

Yana kwance a asibiti ya faɗa, a gaban matarsa da liman, cewa bindigar tawa ce. Ya rasu cikin kaka, ganyaye na zuba. Aka yi masa salla a babban masallacin da ke gefen Regent's Park.

Bindigar ta zauna a ɗakin ajiyar kulob har lasisina ya fito, bayan wani ɗan sanda mai fara'a ya zo gidana ya jijjiga akwatin ƙarfen da na sa aka kafa a bango, ya tambaye ni inda zan ɓoye makulli, ya sha lemo ya tafi. Asabar ta farko da na kwanta a tabarmar harbi na ɗora kuncina a kan wurin nan mai sheƙi, ƙamshin man da yake shafa mata ya bugi hancina, na daɗe ban iya buɗe ido ba. Da na buɗe kuma sai na ga abin da shi ya daɗe yana gani. Ni ma na haura hamsin, da tabarau nake karatu. In na ga tsagar sosai, tsinken ya narke. In na kama tsinken, baƙin ɗigon ya zama gajimare. Abu uku ne, idona kuwa ɗaya kawai yake iya riƙewa a lokaci guda. Takardar ta dawo da ramuka kamar an watsa wa kaji gero.

Tsohon direban ya dubi takardar, ya dube ni. Na san abin da yake son faɗa, shi ma ya san abin da ya hana ni. Watanni na yi ina zuwa, in harba da bindigar kulob, in fito da ta Kawu in shafe ta da mai in mayar. Ina jin kamar in na cire ƙarfe ɗaya daga jikinta na cire wani abu ne daga jikinsa.

Matar Kawu ce ta raba gardamar. Mma nake ce mata, yadda ake kiran uwa a zangon Kumasi inda aka haife ta. Allah bai ba su haihuwa ba. Ta yi shekaru da yawa tana sayar da atamfa da leshi a kasuwar Lewisham, kuma Hausarta ta zango ce, wadda ba ta raba mace da namiji: da ni da liman duk "kai" ne a bakinta. Bayan ta fita takaba na je gaishe ta wata Lahadi da rana. Na same ta a kicin tana dafa shinkafa da wake irin nasu, mai ja, tagar ta yi gumi, rediyo na magana shi kaɗai a falo.

"Ka zo? Zauna ka ci abinci," in ji ta. Ta zuba mini, ta tsaya a kaina har na kai loma ta biyu. "Ina bindiga na kawu naka? Kana harba shi?"

Na ce ina shafa mata mai dai. Na yi mata bayanin ƙarafan nan biyu, da idona, da abin da tsohon direban yake so a yi.

Ta ajiye ludayi. "To me ya hana?"

"Mma, yadda ya bar ta ke nan. Shi da kansa ya ƙi a taɓa."

"Shi ya ƙi tabarau, ya ƙi sanda, ya ƙi maganin hawan jini sai na ɓoye cikin koko. Duk za ka gaji wannan?" Ta ja kujera ta zauna, tana goge hannu da gefen zani. "Ya ba ka abu don ka yi aiki da shi. In ajiya yake so, ai ni zai bar wa. Ka canza shi."

Na ci gaba da juya cokali. Can sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ran da za a yi, ka zo ka ɗauke ni. Ina so in ga wuri nan."

Sai a lokacin na gane ba ta taɓa zuwa ba. Na tambaye ta dalili. Ta ce Asabar ranar kasuwa ce, ba ta barin rumfa. Shi bai taɓa cewa ta zo ba, ita kuma ba ta taɓa cewa ya kai ta ba, shekaru suka yi ta wucewa. Ta ce in ya dawo takan ji warin hayaƙi a kwat ɗinsa, ta rataye a baranda, iyakar saninta da wurin ke nan.

Na jira ranar da kulob ke karɓar baƙi, na kama mata wuri. Motata tana wurin makaniki, bindigar kuma na riga na kai ta ɗakin ajiya, don haka bas muka hau. An yi yayyafi da asuba ya ɗauke, rana ta fito fara sol, titi na walƙiya. Mma ta sa leshi ruwan toka da babban mayafi, kamar mai zuwa suna. A bakin baƙar ƙofar ta tsaya tana kallon garejin da cocin, ta ce, "Nan ne? Ni da nake tsammanin wani fili mai ciyawa!"

Tsohon direban ya tarbe ta da hannu biyu a ƙirji, yadda ya ga Kawu yana gaida mata. Ya yi mata ta'aziyya, ya ce ya daɗe da saninta a baki, ya san har da irin yajin da take sawa a miya. Ya kawo mata kujera mai laushi, ya ba ta abin toshe kunne irin na kan kai. Ta ɗora shi a kan mayafinta ta zauna a miƙe, jakarta a cinya.

A ɗan ɗakin gyara da ke gefe ya shimfiɗa bindigar a kan tebur, ya matse ta tsakanin katakai biyu masu fata. Sabon saitin ba sabo ba ne: na wani ɗan kulob ne da ya daɗe da rasuwa, sa'an bindigar ne a shekaru, yana naɗe a tsumma mai mai. Ɗan faifai ne baƙi mai kafa a tsakiya kamar ta allura, da ƙananan maɓallai biyu da ake murɗawa. Na gaban kuma ɗan gajeren bututu ne da zobe a ciki. Ya nuna mini wasu ƙananan notuna biyu a bayan bindigar, waɗanda na sha gogewa ban san amfaninsu ba. Ya ce maƙeranta sun bar ramuka a nan tun farko don mai son irin wannan saitin, suka toshe. Ba sai an huda ta ba.

Daga nan ya ɗaga hannayensa ya nuna mini yadda suke rawa. "Ni zan faɗa," in ji shi, "ke za ki yi."

Ya miƙo mini 'yar guduma da wani guntun tagulla. Ƙarfen mai tsaga a cikin wata hanya yake zaune, ba noti, sai an buga shi daga gefe ya zame. Na ɗora tagullar, na yi bisimilla, na buga. Bai motsa ba. Na sake, bai motsa ba. Hannun da ya saba karɓar jarirai sai ya ƙi yin ƙarfi.

"Buga mana," in ji Mma daga bakin ƙofa, da ƙarfi, saboda kunnenta a toshe yake. "Ba zai yi kuka ba."

Na buga. Ƙarfen ya yi wata 'yar ƙara ya gusa kaɗan, sannan ya ci gaba da tafiya da kowane bugu har ya faɗo cikin tafin tsohon direban. Wurin da ya tashi ya fito da launi daban. Duk jikin bututun ya koɗe ya zama ruwan ƙasa, amma wannan ɗan gurbin shuɗi ne mai duhu, sumul, kamar yau aka fito da ita daga maƙera. Muka sunkuya mu uku muna kallo. Jirgi ya bi ta sama, gilashin tagar ya yi rawa. Mma ta miƙa yatsa ta taɓa wurin, ta ce, "Haka kawu naka ya ke ran da na fara ganin shi. Baƙi, sumul, da gashi cike da kai."

Sauran aikin bai ba ni wuya ba. Na fitar da tsinken gaba, na shigar da mai zoben. Na kwance notunan biyu, na zaunar da faifan, na ɗaure a hankali, tsohon yana ce mini kaɗan-kaɗan, kar in takura wa tsohon ƙarfe. Tsofaffin ƙarafan ya naɗe su a tsumman ya ce in adana, ko wata rana wani mai sabon ido zai gaje ta ya so mayar da su.

Na kwanta a tabarma na leƙa ta kafar. Ban san yadda zan kwatanta ba. Ɗakin duk ya ɓace, da bulo da benci da mutane. Sai wani ɗan haske zagayayye, a cikinsa zobe, a cikin zoben baƙin ɗigo, kowanne da gefensa tsaf, suna shawagi a hankali da bugun zuciyata. Na tuna rijiyar gidan kakata, yadda nake leƙawa da rana tsaka in ga sama 'yar ƙarama a can ƙasa, da kaina a tsakiya. Na daɗe a haka har tsohon direban ya taɓa diddigena ya ce ai sai an harba ake sanin inda ta dosa.

Harsashin farko ya faɗa can ƙasa ta hagu. Tsohon ya duba da madubin hange ya ce in murɗa maɓallin sama, in murɗa na gefe. Maɓallan na ƙara ƙas, ƙas, kamar ana fasa gurjiya. Na harba, na murɗa, na harba. Ramukan suka riƙa hawowa suna matsowa, kamar tumaki masu komawa gida da yamma, har suka shiga baƙin suka zauna kusa da juna.

Da na tashi, Mma na tsaye a bayana, ta bar jakarta a kan kujera. "Ni ma zan leƙa," in ji ta.

Ba za ta iya kwanciya ba, don haka aka zaunar da ita a tebur, aka ɗora bindigar a kan buhun yashi. Tsohon direban ya tsaya a gefenta ɗaya, ni a ɗayan. Na gyara mata mayafi, na nuna mata inda za ta sa kunci. Ta kwantar da shi daidai wurin nan mai sheƙi. Ta rufe ido ɗaya da tafin hannu, don ba ta iya kanne shi ba. Ta daɗe tana leƙawa.

"Rufin ɗaki namu a Kumasi yana da huda," ta ce a hankali, ba ta ɗago ba. "In na kwanta zazzaɓi, haske na shigowa ta nan, siriri, ina kallon shi har in yi barci. Ga shi nan."

Na tambaye ta ko tana so a sa harsashi. Ta ce a sa. Na zura mata, na rufe, na ɗora yatsarta a kan kunama, na ce ta ja numfashi ta sake rabi, ta matsa kamar mai taɓa tumatir a kasuwa. Ƙarar ba ta fi ta tafi ba, amma ta zabura ta ce, "Wayyo Allah!" Sannan ta fashe da dariya, irin wadda ban ji daga bakinta ba tun kafin Kawu ya kwanta ciwo. Ramin yana can gefen takardar, wajen baƙin, amma a kan takardar yake. Tsofaffin da ke benci suka yi mata tafi.

Ta ƙi tashi. Ta ce kar a ƙara harsashi, a bar ta kawai ta leƙa. Muka bar ta. Jirage biyu ko uku suka wuce tana nan. Da ta ɗago, idonta a bushe yake, sai dai fuskar ta yi laushi kamar ta wanda ya farka daga barcin rana.

"A gida ba ya rufe baki," in ji ta. "Shi da rediyo. Ashe nan yake zuwa ya yi shiru."

A hanyar komawa bas mai bene muka samu, ta ce sama za mu hau. Na ce gwiwoyinta fa? Ta ce su yi haƙuri yau. Ta hau matakalar bas ɗin a hankali, ina bayanta, muka samu kujerar gaba babu kowa. Ta naɗe takardarta ta riƙe a hannu. Muka bi ta gaban shagunan doya da manja, da masu aski, da wata amarya da ake ɗauka hoto a bakin coci. Rana ta cika gilashin, ɗumi ya rufe mu. Kafin mu kai New Cross ta yi barci, kanta a kafaɗata, har muka wuce tasharmu ban tashe ta ba.

Ta sake zuwa kulob ɗin sau da dama a ranakun baƙi, har ta kai tana shigar da harsashi cikin baƙin jefi-jefi, tana kuma kawo wa tsofaffin soyayyar ayaba a roba. Da sanyin shekara ta gaba ya matsa mata, ƙanwarta ta lallashe ta ta koma Kumasi. Yanzu a can take, a wani gida mai bishiyar mangwaro a tsakar gida. Takan kira ni ranar Lahadi bayan la'asar, ta tambayi aiki, ta tambayi tsohon direban da rawar hannunsa, ta yi mini faɗa a kan rashin cin abinci. A bayan muryarta ina jin awaki, da wata mata tana tallan koko.